Tambayar da ba a yi wa tsofaffi a gidan likita

Idan dattijo ko dattijuwa suka je gidan likita, tambayoyin da ake yi musu sanannu ne. Ana tambayar ci da sha, da barci, da fitsari, da bayan gida. A auna jini, a duba ido da harshe, a rubuta takardar magani, a ce su komo bayan wata guda. Abu ɗaya ne ba a cika taɓawa ba, watau zaman da ke tsakanin mutum da iyalinsa bayan an rufe ƙofar turaka. Ma'aikacin jinya ba ya tambaya, majinyaci kuwa ba ya faɗi, kowannensu ya tashi yana ganin ya kiyaye mutuncin ɗaya. Sau da yawa kuwa abin da aka tsallake ɗin nan shi ne ya fito da tsohon daga gida. Ciwon baya ko jirin da ya ambata da shigowarsa sallama ce kawai.

Wannan shiru ba a Nijar kaɗai ake yin sa ba. Shekara 50 ke nan masana aikin lafiya a Amurka da Turai suna bin sawunsa. An daɗe ana aza laifin a kan tsofaffi, ana cewa su ne masu kunya, ba su son a taɓo musu zancen. Da aka bincika sai aka tarar babban rabon shirun daga ɗaya gefen tebur yake fitowa, daga ma'aikacin jinya: yadda shi kansa ya ɗauki sha'anin jima'i, da tarbiyyar da ya tashi da ita, da abin da yake ji a ransa game da jikinsa, da aurensa ko rashin aurensa.

Furfura ba ta rufe turaka

Kafin a zo kan ma'aikaci, ya kamata a kawar da wani zato da ya zauna a zukata, cewa wanda ya yi furfura ya gama da wannan sha'ani. Tun a 1966 wasu masu bincike biyu na Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka nuna cewa tsufa yana rage wa jiki sauri amma ba ya kashe shi. Namiji yana bukatar lokaci fiye da na ƙuruciya, mace tana samun ƙarancin ni'ima bayan haila ta ɗauke, amma matuƙar akwai lafiya da abokin zama, abin yana ci gaba har cikin shekara 70 da abin da ya ɗara. A 2007 wata likita ta jami'ar Shikago, Stacy Lindau, tare da abokan aikinta, suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 3005, maza da mata, masu shekara 57 zuwa 85. Cikin masu shekara 57 zuwa 64, kashi 73 bisa 100 sun ce sun yi saduwa a shekarar da ta gabata. Cikin masu 65 zuwa 74, kashi 53. Cikin masu 75 zuwa 85, kashi 26. Wajen rabin masu saduwar sun ce akwai wata matsala da ke damun su. Ga maza raunin mazakuta ne kan gaba, kashi 37. Ga mata kuwa ƙarancin sha'awa, kashi 43, sai bushewar gaba, kashi 39. To amma lissafin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na ƙarshe: tun da suka cika shekara 50, kashi 38 na maza da kashi 22 na mata ne kaɗai suka taɓa yin zancen da likita.

Lissafin nan na Amurka ne, ba a ɗauko shi a aza wa Maraɗi ko Tawa kai tsaye, sai dai jikin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Manyan binciken lafiyar jama'a da ake yi a ƙasar nan, irin wanda aka yi a 2012, mata masu shekara 15 zuwa 49 suke tambaya, maza kuma har zuwa 59. Wadda ta haura 49 ta fita daga takarda. Haka ma tsarin gidan likita yake kallon mace: ko mai ciki ce, ko mai jego, ko mai neman tazarar haihuwa. Wannan ba abin zargi ba ne a ƙasar da kusan rabin jama'arta yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma mace guda, bisa binciken 2012, takan haifi fiye da ƴaƴa 7. Amma ya saba wa ma'aikaci da cewa zancen saduwa yana halatta a bakinsa ne kawai idan akwai haihuwa a gabansa. Da haihuwa ta ƙare, sai bakin ya rufe.

Ma'aikaci ma ɗan wani gida ne

A watan Fabrairu na 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta tara masana a Jeneba domin su duba yadda ake horar da ma'aikatan lafiya a kan sha'anin jima'i. Rahotonsu, mai lamba 572, ya fito a 1975. Sun yi maganar sani da gwaninta, amma abin da suka fi nanatawa shi ne halin zuciya. A ganinsu, ma'aikacin da bai fahimci nasa sha'anin ba, bai kuma daidaita da shi a ransa ba, da wuya ya saurari na wani ba tare da ya tsargu ko ya yanke masa hukunci ba.

Maganar tana da nauyi, amma in an duba ba ta da wuyar ganewa. Yarinyar da ta shiga makarantar koyon aikin lafiya ba daga sama ta faɗo ba. A gida ta tashi, inda aka koya mata ta sunkuyar da kai idan manya suna magana, inda ba ta taɓa jin uwa da uba sun ambaci abin da ke tsakaninsu ba, inda wataƙila ranar da ta fara ganin haila babu wanda ya yi mata bayani. Wata ba ta yi aure ba tukuna, tana jin tsoron in ta nuna ta san zancen a ce ina ta koyo shi. Wata ta yi auren amma ba ta jin daɗinsa, zancen turakar wasu yana fama mata ciwo. Wata an taɓa yi mata abin da ba ta gaya wa kowa ba. Namiji ma haka: saurayin da yake ganin ƙarfin gaba shi ne ma'aunin mazantaka, ba zai iya kallon tsoho a ido ya tambaye shi rauninsa ba, don a ransa tambayar cin fuska ce. Farar riga ba ta wanke ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bugu da ƙari, tsohon da ke zaune gabansa sa'an ubansa ne, tsohuwar sa'ar uwarsa ce, kuma babu ɗan da yake son ya leƙa turakar iyayensa, ko da a zuci.

Majinyaci kuwa yana karanta wannan duka cikin ƙiftawar ido. Ya soma kewaye-kewaye, ya ce tun da ya kama shan maganin nan ba ya jin kansa daidai wajen iyali. Sai ya ga ma'aikaci ya mai da ido kan littafin rajista, ko ya yi ƴar dariya, ko ya ce: "Haba Baba, ai yanzu sai carbi da istigfari." Daga nan an gama. Tsoho zai yi murmushi ya ce gaskiya ne, ba kuwa zai sake ɗaga maganar a wannan ɗaki ba.

Masu bincike sun yi ƙoƙari su auna wannan hali. A 1982 wani Ba'amurke, Charles White, ya shirya takardar tambayoyi 61 ta auna sanin mutum da ra'ayinsa game da sha'awar tsofaffi, kuma an yi ta aiki da ita a ƙasashe da dama. A 2005 Morris Magnan da Kathleen Reynolds, su ma a Amurka, suka tarar cewa babban abin da ke hana ma'aikatan jinya buɗe baki shi ne zaton da suke yi cewa majinyaci ba ya sa ran su yi masa zancen. A Shefild ta Ingila, a 2004, Merryn Gott da abokan aikinta sun zanta da likitoci 22 da ma'aikatan jinya 35. Sun ambaci ƙarancin lokaci da tsoron tono abin da ba za su iya binnewa ba, kuma nauyin bakin ya fi tsanani idan majinyacin tsoho ne, ko kuma jinsinsa ya bambanta da nasu. Binciken da aka buga a 2010 a kan ma'aikatan jinya 88 na Suwidin shi ya fi fito da abin fili. Fiye da kashi 90 bisa 100 sun san ciwo da magani suna taɓa saduwa. Wajen kashi biyu bisa uku sun yarda aikinsu ne su buɗe zancen. Amma kashi 80 ba su ɗaukar lokacin yin haka, kashi 60 kuma ba su amince da iyawarsu ba. Suwidin kuwa ƙasa ce da ta wajabta koyar da wannan fanni a makarantun yara tun 1955. Sani dai yana nan, harshe ne yake nauyi. An kuma lura cewa ma'aikatan da suka manyanta sun fi na ƙuruciya sakin jiki da zancen.

Kunya iri ɗaya a gefe biyu na tebur

A Yamai ma an taɓa binciken da ya kusanci wannan. A 1994 Yannick Jaffré da Alain Prual suka buga sakamakon zantawar da aka yi da mata masu zuwa haihuwa, da ungozomomin likita, da ɗalibai masu koyon aikin, da tsofaffin ungozomomin gargajiya. Abin da suka gano shi ne, mai haihuwa da ungozoma ƙa'ida ɗaya ta ɗaure su: kunya, girmama na gaba, da kalmomin da ba a furtawa. Sai dai aiki yana tilasta wa ungozoma ta keta waɗannan ƙa'idodi, daga nan kuma rashin jituwa yake tasowa, wani lokaci har ya kai ga faɗa. Binciken a kan haihuwa aka yi shi, inda kowa ya san dalilin da ya sa aka tuɓe zane. Ina ga ranar da babu ciki babu goyo, mai shekara 25 ce za ta tambayi mai shekara 60 yadda take kwana da mijinta?

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ba ƙarama ba ce. A makarantun koyon aikin lafiya, irin na Yamai da Damagaram, da Faransanci ake karatu. Sunayen gaɓoɓin jiki da aikinsu duka da Faransanci ɗalibi ya haddace su, kuma a bakinsa kalmomin sanyi gare su, kamar sunan ƙashi ko jijiya. Ranar da ya so juya su cikin Hausa ko Zabarmanci, kalmar da ta fara zo masa ita ce wadda ake ashar da ita a tasha. Sai ya haɗiye. Alhali kuwa harshen Hausa bai rasa kalmomin mutunci ba. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da babin tsarki a Ahalari da Ishmawi da Risala, gaban yaro da babba, suna cewa janaba, haila, maniyyi, farji, zakari, babu mai dariya. Risala ma ta yi hukuncin mijin da ya kasa kusantar matarsa, har ta yanka masa wa'adin shekara guda. Tsofaffin da ake jin kunyar tambaya da waɗannan kalmomi suka girma, sun fi ma'aikacin sanin su. Banda su akwai na yau da kullum: iyali, kwana, turaka, shimfiɗa, gaba, ƙarfi. Akwai kuma waɗanda majinyaci yake fakewa da su. Idan dattijo ya dage yana cewa basir ne ya dame shi, ko sanyi, alhali awo bai nuna komi ba, ya kamata ma'aikaci ya ji cewa wataƙila wata ƙofa ce ake ƙwanƙwasawa.

Abin da shirun yake ci

Wani zai ce ina ruwan gidan likita da jin daɗin tsoho, ga zazzaɓin sauro, ga yunwa, ga mata masu mutuwa wajen haihuwa? Amsa ita ce, shirun nan rai yake ci. A ɗauki hawan jini, watau tansiyo. Wasu daga cikin magungunansa, musamman masu sa fitsari da masu rage bugun zuciya, suna iya raunana mazakuta. Dattijon da ba a faɗa masa haka ba, idan ya ga canji, ba zai komo ya yi ƙorafi ba. Zai aje maganin a kan katanga ya yi shiru. Hawan jini ba ya ciwo, saboda haka zai ga kamar ya warke, sai ranar da rabin jikinsa ya mutu. Da an tambaye shi, da an canza masa wani iri, don magungunan hawan jini ba ɗaya ba ne. Haka ciwon sukari: wajen rabin mazan da ke da shi suna fama da raunin gaba, kuma sau da yawa raunin ne yake fara bayyana kafin a san da ciwon. Jijiyoyin jini na gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ne ke fara toshewa, shi ya sa likitoci suke ɗaukar raunin mazakuta a matsayin gargaɗi da kan riga ciwon zuciya da shekara 2 zuwa 5. Ma'aikacin da bai yi tambayar ba ya bar gargaɗin ya wuce.

Wanda gidan likita bai saurara ba kuwa, kasuwa tana sauraren sa. Mai tallan maganin maza ba ya jin kunyar kowa, da lasifika yake kira. A ƙasar da fiye da kashi ɗaya bisa uku na matan aure suke zaune da kishiya, bisa binciken 2012, kuma dattijo yakan auri wadda ya ba shekaru masu yawa, rabon kwana nauyi ne da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ƙwayar sildenafil, wadda aka soma sayarwa a Amurka a 1998 da sunan Viagra, magani ce ta gaskiya, amma tana da dokarta: ba a haɗa ta da magungunan ciwon ƙirji na zuciya irin su tirinitirin da ake sa wa ƙarƙashin harshe, domin jini yana iya faɗuwa nan take har mutum ya rasa ransa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sha gano wannan ƙwaya a ɓoye cikin kayan da ake sayarwa da sunan ganye ko zuma zalla. Wanda ya rubuta wa tsoho maganin zuciya bai tambaye shi me yake sha don iyali ba, rabin aiki ya yi. Akasin haka ma yana faruwa: mutum ya tashi daga ciwon zuciya, shi da matarsa su ƙaurace wa juna don tsoro. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa wahalar saduwa ba ta wuce ta hawa bene biyu da sauri ba, kuma abin da take haddasawa bai kai kashi 1 bisa 100 na bugun zuciya ba. Magana ce ta minti guda, amma sai an sami mai faɗin ta.

Na mata ya fi ɓoyuwa. Bayan haila ta ɗauke, wajen shekara 50, sinadarin estirojan yana raguwa a jiki, fatar gaba ta yi siriri ta bushe, saduwa ta koma zafi. Abu ne mai magani, tun daga man shafawa na farmasi har zuwa na sinadarin da likita ke rubutawa. Wadda ba a gaya mata ba takan yafe kwananta ta ce ta tsufa, ko ta koma ga kayan matsi da ake cusawa, su ƙara ƙona ta. Wadda ta yi haihuwa da yawa mahaifarta na iya saukowa, ta yi shekaru tana tura ta da hannu ba wanda ya sani. Mafi haɗari duka shi ne jini. Jinin da ya zo bayan saduwa, ko wanda ya komo bayan haila ta ɗauke, alama ce da ba a wasa da ita, domin tana iya zama ciwon dajin bakin mahaifa. Ana iya ganin mafarin wannan ciwo da awo mai sauƙi, a shafa ruwan binegar a bakin mahaifa a duba, a kuma kashe shi tun bai yi jijiya ba. A 2007 gwamnati ta sa hannu a kan dokar da ta sa maganin ciwon dajin mata kyauta. Amma doka ba ta yi wa kowa tambaya. Tsohuwa za ta ce ciwon mara ne ya kawo ta, in ba a bi ta da tambaya ba a ba ta ƙwayar rage zafi ta koma gida, sai wari ya tona abin, lokacin kuwa an makara.

Sida ma ba ta duba furfura. Hukumar ONUSIDA ta ƙiyasta cewa a 2012 mutum miliyan 3 da dubu 600 masu shekara 50 zuwa sama suna ɗauke da ƙwayar a duniya. Wadda ta daina haihuwa ba ta ganin amfanin kororon roba, bazawara da bazawari sukan sake aure ba awo, kuma idan tsoho ya rame ana cewa tsufa ne.

Yadda ake sassauta harshe

Tun farkon shekarun 1970 wasu jami'o'in Amurka, musamman ta Minesota, suka buɗe zaman horo inda ake sa ɗaliban likita su sake duban ra'ayinsu game da jima'i. Ana nuna musu fina-finai, sa'an nan a raba su ƙananan ƙungiyoyi kowa ya faɗi abin da ya ji a ransa. Fina-finan ba su dace da ƙasar nan ba, ba a ma bukatar su. Amma zaman ƙungiya, mata daban maza daban, inda ɗalibi zai tambayi kansa me ya sa wannan kalma take sa shi zufa, wa ya koya masa cewa sha'awar tsoho abin dariya ce, wannan ba ya cin kuɗi. Ba ana nufin ma'aikaci ya bar addininsa ko tarbiyyarsa ba, ba a kuma ce ya tona asirin aurensa gaban kowa ba. Ana so ne ya san inda nasa nauyin yake, domin kada ya aza shi a kan majinyaci.

A 1976 wani masanin halayyar ɗan Adam da ke Hawai, Jack Annon, ya tsara wata hanya mai hawa huɗu da aka sani da sunan PLISSIT. Hawan farko shi ne ba da izini, watau a nuna wa majinyaci cewa zancen yana da wuri a ɗakin nan. Na biyu ɗan bayani daidai bukata, na uku shawara a kan matsalarsa shi kaɗai, na huɗu kuma tura shi wajen ƙwararre. Hikimar Annon ita ce, yawancin mutane a hawan farko da na biyu bukatarsu take ƙarewa, waɗannan kuwa ba sai babban likita ba. A 2006 wasu malaman aikin lafiya biyu na Ingila, Bridget Taylor da Sally Davis, suka faɗaɗa tsarin: suka ce izinin nan a kowane hawa ake sabunta shi, kuma bayan majinyaci ya fita ma'aikaci ya koma ya duba kansa, me ya faɗa, me ya kasa faɗi, da dalili.

Ba da izini a Hausa ba ya bukatar ko kalma ɗaya mai nauyi. Dabarar ita ce a jingina zancen ga ciwo ko ga magani, a kuma sa shi a bakin jama'a. Ma'aikaci yana miƙa takarda sai ya ce: "Baba, maganin nan yakan taɓa ƙarfin wasu mazaje wajen iyali. In ka ga wani canji kada ka bar shan shi, ka komo a sake maka wani." Ga tsohuwa kuwa: "Inna, mata da yawa in al'ada ta ɗauke sukan ji zafi ko bushewa wajen kwana, akwai maganinsa. Kin taɓa ganin jini bayan ta ɗauke?" Babu wanda aka tuhuma, babu wanda aka tilasta. Mai so ya amsa, marar so ya ce lafiya lau, amma ya tafi da sanin cewa ƙofar a buɗe take. Hausawa da kansu suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu ma'aikata sukan bi ta wasan jika da kaka, yarinya ta ce wa tsoho mijina, saurayi ya ce wa tsohuwa amarya. Hanya ce mai kyau ta kwance fuska, al'ada kuma ta yarda da ita. Sai dai tana da tarko: abin da aka soma da wasa yakan ƙare a wasa, tsoho ya fita yana dariya da ciwonsa a ciki. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa dole ya san lokacin da zai sauke murya ya yi tambayar da gaske.

Ma'aikata suna da nasu uzuri, kuma ba a raina shi. Layi yana da tsawo, ɗakin awo sau da yawa labule ne ya raba shi da masu jira, wani majinyacin kuma yana iya juya tambayar ƴa mace ya mai da ita neman wasa. Wannan hakkin shugaban gidan likita ne ya tsaya mata, ya kuma ba ta damar miƙa irin wannan mutum ga abokin aiki namiji. Sa'an nan ga ɗan rakiya. Tsoho ba ya zuwa shi kaɗai; ɗansa ne ko ƴarsa ko surukarsa suke riƙe da takarda, wani lokaci su ne ma tafinta, kuma babu uban da zai ambaci turakarsa ɗansa na tsaye. A nan abin yi ƙarami ne: a roƙi ɗan rakiya ya jira a waje minti biyar, a mai da shi ƙa'ida ga kowa domin kada wani ya tsargu. A manyan gidajen likita ana iya haɗa sabon ma'aikaci da wanda ya manyanta ya ji yadda yake sarrafa harshe, a tura tsohuwa wajen ungozoma mai shekaru, tsoho wajen namiji. A ƙaramin gidan likita na ƙauye kuwa ma'aikaci ɗaya ne tak, sau da yawa matashi, kuma baƙo a garin. Shi ne na mata, shi ne na maza, ba shi da wanda zai miƙa wa. Irin wannan ma'aikaci tun yana makaranta ya kamata a sa shi ya furta tambayoyin nan da bakinsa, da Hausa da Zabarmanci, gaban abokan karatunsa, ya maimaita har dariya ta ƙare, kafin a ba shi takardar tura shi wurin aiki.